Tambaya da Amsa: An Ce Ɗana Ya Samu 72 a Gwajin Basira, Shin In Cire Shi Daga Makaranta?

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan wata, dukansu a kan gwaje-gwajen da ake yi wa mutum domin auna basirarsa ko ƙarfin riƙe abu a ƙwaƙwalwarsa. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar, muna zaune a Garwa, a arewacin Kamaru. Ɗana na uku shekararsa 9, ya maimaita ajin CE1, wato aji uku na firamare, bana ma malaminsa ya ce ba ya bin karatu. An ba mu shawara muka kai shi wurin wata masaniyar halayyar ɗan Adam, ta zauna da shi fiye da awa ɗaya tana yi masa tambayoyi da Faransanci, ta kuma ba shi wasu 'yan tubala masu launin ja da fari ya jera. Bayan mako guda ta ba mu takarda mai ɗauke da QI 72, a ƙasa kuma an rubuta ICV 62, IVS 89, IRF 88, IMT 76, IVT 72. Kawunsa da ya karanta ya ce yaron yana bakin iyakar masu raunin ƙwaƙwalwa, gara a kai shi koyon gyaran babur. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yaron nan ya haddace izu biyar a makarantar allo, kuma in na aike shi kasuwa ba ya ɓatar da canji. A gida Hausa muke yi, a unguwa Fulatanci, Faransanci sai a aji. Yana ɗan shekara 4 ya yi zazzaɓin cizon sauro mai tsanani har da jijjiga, ya kwana biyu bai san inda kansa yake ba. Don Allah a ba ni shawara. Daga wata uwa a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana shi, ya kuma saka miki da alheri da kika kwafo lambobin nan duka, domin su ne suka ba ni abin da zan riƙe in yi miki bayani. Tun kafin mu yi nisa, shawarata ita ce kada a cire yaron nan daga makaranta saboda wannan takarda.

Haruffan da kika kwafo sun nuna cewa gwajin da aka yi masa shi ne WISC, wanda David Wechsler ya fara fitarwa a Amurka a 1949 domin yara, bugu na biyar kuma ya fito a 2014, aka daidaita shi da Faransanci a 2016. Ana yi wa yara daga shekara 6 zuwa 16. Lambar 72 da ke gaban QI, wato jimlar ma'aunin basira, ba maki ne da yaro ya ci cikin ɗari ba, kamar yadda iyaye da yawa suke zato. Yadda ake samo ta shi ne, kafin a fara amfani da gwajin sai a yi wa yara dubu ɗaya ko fiye a ƙasar da aka shirya shi dominta, a ɗauki abin da matsakaicin yaro na kowace shekara ya iya a kira shi 100, sannan a auna nisan kowane yaro daga wannan tsakiya. Kusan kashi 68 cikin ɗari na waɗancan yara suna faɗawa tsakanin 85 da 115, kusan kashi 95 tsakanin 70 da 130, kimanin kashi 2 ne kawai suke ƙasa da 70. Saboda haka abin da takardarki take cewa, in an fassara ta da gaskiya, shi ne: a ranar da aka gwada ɗanki, da Faransanci, ya yi ƙasa da mafi yawan yaran Faransa 'yan shekara 9, waɗanda suka sha harshen a nono. Kowace kasuwa da mudunta, kuma hatsin Garwa aka auna da mudun Paris.

Dubi lambobin ɗaya bayan ɗaya. ICV ma'aunin fahimtar harshe ne, inda ake tambayar yaro ma'anar kalma ko abin da ya haɗa abubuwa biyu, a nan ya samu 62. IVS da IRF kuwa su ne wuraren da harshe bai cika shiga ba, wato jera tubalan nan su yi daidai da hoto, da gano zanen da ya dace ya cike gurbi a jerin zane, a nan ya samu 89 da 88, waɗanda suke cikin iyakar abin da yawancin yara suke samu. Tsakanin 62 da 89 akwai tazarar maki 27, kuma masana da yawa, idan tazara ta kai haka, ba sa yarda a dogara da lamba ɗaya ta jimla, domin ta zama kamar a haɗa nauyin rago da na kaza a raba biyu a ce ga nauyin dabbar gidan. Yaron da yake da raunin ƙwaƙwalwa na haƙiƙa yawanci lambobinsa duka ƙasa suke yi tare. Bugu da ƙari, ita kanta jimlar tana da kuskuren awo na maki 5 ko 6 sama ko ƙasa, shi ya sa rahoto mai kyau yake rubuta iyaka biyu a gefen lambar.

Akwai abin da ya fi harshe ɓuya, wato tarbiyya. Ƙa'idar gwajin ita ce a yi wa kowane yaro tambaya da kalmomi iri ɗaya, ba ƙari ba ragi, ba a ba shi haske, ana riƙe da agogo, kuma idan ya faɗi tambayoyi biyu ko uku a jere sai a rufe wannan sashe a wuce. Wannan tsari yana da hikima, domin in kowane mai gwaji ya taimaka yadda ya ga dama, lambobin ba za su kwatantu ba. Amma yaron da aka rena da cewa ba a kallon babba a ido, ba a kuma yi masa saurin amsa, zai iya sunkuyar da kai ya yi shiru sau uku a jere, a rufe sashen alhali ya san amsa ta huɗu da ta biyar. Na taɓa zama da wani yaro a Marwa a sashen da ake ba da daƙiƙa 120 a kwafi 'yan alamomi a ƙarƙashin lambobi. Ya riƙe fensir kamar alƙalamin kara, yana zana kowace alama a tsanake, in ta ɗan karkace ya tsaya ya gyara, kamar yadda malamin allo ya koya masa cewa harafi ba ya son garaje. Lokaci ya ƙare bai yi kuskure ko ɗaya ba, amma bai yi nisa ba, littafin maki kuwa yawa yake ƙirgawa. Ina tuna wannan yaro duk lokacin da na ga IVT, ma'aunin saurin aiki, ya yi ƙasa a takardar ɗan makarantar allo. Hatta irin amsar da ake ɗauka ta fi kyau, makaranta ce take koyar da ita. A farkon shekarun 1930 masanin Rasha Alexander Luria ya nuna wa manoman Uzbekistan da ba su yi boko ba hoton guduma da zarto da gatari da gungumen itace, ya ce su fitar da wanda bai dace ba, suka ce duk sun dace, domin kayan aiki ba su da amfani in babu itacen da za a sara. Amsar mai hankali ce, amma a takardar gwaji ba ta cin maki.

Wani zai ce to a fassara tambayoyin da Hausa nan take a huta. Hakan ma yana ɓata awon. Ɗauki sashen da ake karanto wa yaro lambobi ya maimaita, gaba da baya, wanda yake cikin IMT, ma'aunin riƙe abu a ka na ɗan lokaci. Lambobin Faransanci daga ɗaya zuwa tara kusan duka gaɓa ɗaya ne, namu na Hausa gaɓa biyu-biyu ne, a Fulatancin Adamawa kuwa bakwai ita ce joweeɗiɗi. An daɗe da gano cewa yawan abin da mutum yake iya riƙewa na ɗan lokaci ya danganta da tsawon lokacin furta shi, har wani bincike na 1980 a yankin Wales ya nuna mutum ɗaya yana riƙe lambobi kaɗan a harshensu na gida, mai dogayen sunayen lambobi, fiye da yadda yake riƙewa da Ingilishi. In an sauya harshe, teburin da ake duba maki ya tashi daga aiki.

Ina so ki duba wani abu da ba a cika tunawa da shi ba, wato takardar haihuwarsa. Teburin maki yana sauyawa duk bayan wata huɗu na shekarun yaro, kuma a arewacin ƙasar nan yara da yawa ba a yi musu takarda sai lokacin shiga makaranta ko jarrabawar CEP ta kammala firamare ya matso, a rubuta shekarar da aka kintata. Idan takarda ta ƙara masa wata goma a kan shekarunsa na gaskiya, an gwada shi da yayyensa ke nan.

Game da haddar izu biyar, abin farin ciki ne, kuma shaida ce cewa yaron yana iya zama ya saurara ya adana abu mai yawa. Sai dai gaskiya ta wajaba in faɗa miki cewa hadda ita kaɗai ba ta warware maganar. Sylvia Scribner da Michael Cole sun yi bincike a cikin al'ummar Vai ta Laberiya, suka buga sakamakonsa a 1981, suka ga cewa waɗanda suka yi karatun Alƙur'ani sun fi sauran iya riƙe jerin kalmomi idan ana ƙara musu ɗaya bayan ɗaya, irin yadda ake biya karatu, amma wannan fifiko bai bi su zuwa kowane irin aikin tunawa ba. Adana abin da aka maimaita sau ɗari daban yake da riƙe sabon abu a ka ana juya shi, kamar yaron da aka ce ya haɗa 27 da 15 ba tare da rubutu ba. Wannan na biyun shi IMT yake aunawa, kuma a nan ne zazzaɓin da ya yi yana ɗan shekara 4 ya tsaya mini a rai. Bincike a Yuganda da Kenya ya nuna cewa wasu daga cikin yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa musu ƙwaƙwalwa suna tashi da raunin mai da hankali da na riƙe abu na ɗan lokaci, ko da sun warke sarai a ido. Saboda haka ban ce takardar banza ce ba. Tana iya nuna wurin da yaron yake buƙatar taimako, kuma dalilin ƙirƙiro gwajin ke nan tun farko: Alfred Binet da Théodore Simon sun shirya shi a Paris a 1905 domin a gano yaran da suke buƙatar koyarwa ta musamman, kuma a 1909 Binet ya yi kakkausar suka ga masu cewa basira abu ne da ba ya ƙaruwa.

Ki gaya wa kawunsa, cikin ladabi, cewa likitoci ba sa cewa yaro yana da raunin ƙwaƙwalwa da lamba kaɗai. Dole ne a ga raunin a rayuwarsa ta yau da kullum, a sa tufafi, a aike, a hulɗa da tsara, a kula da kai, kuma yaron da yake dawo da canji daidai daga kasuwa ya riga ya ba da wata amsa. Gyaran babur sana'a ce mai daraja, amma ba ta gudu, kuma wani babban nazari na 2018 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna cewa kowace shekara ɗaya ta ƙarin karatu tana ɗaga wannan lamba da maki 1 zuwa 5. Ki fara da kai shi a auna masa ji da gani, domin yaron da kunnensa ya yi nauyi a aji mai cunkoso kamar daƙiƙi yake zama a idon malami, a kuma duba ko yana da ƙarancin jini. Sannan ki koma wurin masaniyar da ta gwada shi, ki gaya mata zancen harshe da na zazzaɓin in ba a gaya mata ba, ki roƙi ta rubuta wa malaminsa abin da ya kamata a yi: a zaunar da shi a gaba, a ba shi umarni ɗaya-ɗaya, a ƙara masa lokaci. A gida a samu wanda zai riƙa yi masa hira da karatun Faransanci kullum ko da na rabin awa ne. Kada a sake masa wannan gwaji kafin shekara ta zagayo, domin yaro yana tuna tubalan da zanen, lambar ta tashi ba tare da wani abu ya sauya ba. In za a sake, a zaɓi safiya bayan ya karya kumallo, ba tsakar ranar watan Afrilu ba lokacin da zafin Garwa yake haura 40.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mahaifina ya haura shekara 70, tsohon ɗan kasuwa ne da ya yi shekaru yana fatauci tsakanin Kusuri da Njamena, bai yi boko ba amma ya sauke Alƙur'ani. Kusan shekara guda ke nan yana maimaita tambaya ɗaya sau da yawa, sau biyu ya ɓace hanyar gida daga masallacin da ya fi shekara 30 yana zuwa. A asibiti an yi masa wasu tambayoyi, aka ce ya samu 19 cikin 30. Ƙanwata ta ce ba a yi masa adalci ba, domin an ce ya rubuta jimla da boko, kuma har yau yana karanta Yasin ba gargada. Wa ya fi gaskiya? Daga wani ɗan Alhaji a Kusuri.

Amsa: Barka kadai, Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Ƙanwarka tana da gaskiya a kan lambar, amma abin da kai ka gani da idonka ya fi lambar nauyi.

Bisa bayaninka, gwajin da aka yi masa shi ne MMSE, wanda Folstein da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1975. Maki 30 ne, ana gamawa cikin minti goma, kuma an saba ɗaukar ƙasa da 24 a matsayin alamar a ƙara bincike. A ciki ana tambayar shekara da wata da kwanan wata, ana cewa a cire 7 daga 100 a yi ta cirewa har sau biyar, a karanta jimla a aikata abin da ta ce, a rubuta jimla, a kwafi zane mai kusurwa biyar guda biyu da suka shiga juna. Yi lissafi da kanka. Dattijon da yake ƙirga kwanaki da watan Musulunci zai ce maka yau 12 ga Rajab, a hana shi maki biyu ko uku. Karatu da rubutu da zane maki uku ne. Cire bakwai-bakwai maki biyar ne, kuma mutumin da ya yi rayuwarsa yana lissafi da dala, sefa biyar-biyar, ko da riyal in ya haye kogi zuwa kasuwar Njamena, zai iya fitar maka da ribar buhu arba'in a ka amma ya tsaya cak a wannan tambaya da ba ta da kai a wurinsa. Lafiyayyen tsoho da bai yi boko ba yana iya zubar da maki takwas ko goma ta wannan hanya.

Shi ya sa masu binciken da suka fara kwatanta dattawan Ibadan da na Indianapolis ta Amurka a 1992 suka yi amfani da wani gwaji da ake kira CSI-D, wanda ba ya buƙatar karatu, kuma rabinsa hira ce da wanda yake zaune da tsohon, ana tambayarsa abin da ya sauya. A Ibadan ɗin ne kuma aka gwada maye gurbin zane da tsinken ashana huɗu, mai gwaji ya jera su a wata siffa, tsoho ya kwaikwaya. Akwai kuma karanto kalmomi goma sau uku a tambaye shi bayan 'yan mintuna, da cewa ya lissafo sunayen dabbobi iya yadda zai iya cikin minti ɗaya. Duk waɗannan ana iya yin su da Hausa ko Larabcin Shuwa, kuma kana da damar roƙon likita ya bi irin wannan hanya.

Amma kada karatun Yasin ya kwantar muku da hankali fiye da kima. Tun 1881 masanin Faransa Théodule Ribot ya bayyana cewa idan mantuwa ta cuta ta kama mutum, sabon abu take fara ci, tsohon da ya kafu tun yarinta shi yake daɗewa. Dattijo yana iya kawo sura ba tuntuɓe amma ya manta ya ci abincin rana. Maimaita tambaya da ɓacewa a hanyar da ƙafa ta sani shekara 30 ba abin da za a jingina wa tsufa kawai ba ne. Ku koma asibiti tare da wanda ya fi kowa zama da shi, ku faɗi lokacin da abin ya fara da yadda yake tafiya, a hankali ne ko tsalle-tsalle. A auna hawan jini da sukari, a duba maƙoƙo da ƙarancin bitamin B12, a duba jinsa, a tambayi magungunan da yake sha har da na gargajiya, a kuma lura ko baƙin ciki ne ya lulluɓe shi, domin wasu daga cikin waɗannan suna kawo mantuwar da take sauƙi in an yi magani. Idan kuwa wata rana ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, wannan na gaggawa ne, a kai shi a ranar. Kafin nan a samu jika ya riƙa raka shi masallaci, ba tare da an nuna masa cewa gadinsa ake yi ba.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Ngaundare. Na yi gwajin basira a waya ta intanet na samu 131, aka ce in biya kuɗi a aiko mini da takardar shaida. In biya?

Amsa: 'Yata, riƙe kuɗinki. Gwajin gaskiya mutum ne da ya samu horo yake yin sa ido da ido, yana ɗaukar awa ɗaya ko fiye, kuma ana ɓoye tambayoyinsa domin kada mutane su haddace su. Irin na waya yawanci kwaikwayo ne na jerin zanen da John Raven ya fitar a Birtaniya a 1938, ba sa faɗin da su wa aka kwatanta ki, kuma mai son ya sayar miki da takarda yana da dalilin ba ki lamba mai daɗin ji. Takardar ba za ta yi miki amfani a wurin neman aiki ko gurbin karatu ba. In kina jin daɗin warware irin waɗannan zane, ki ci gaba da yi a lokacin hutu, kuɗin kuma ki sayi littattafan zangon da ke tafe.